Wurin da Aka Bar wa Inna Hansatu

Marka ce, a wata shekara da ruwa ya yi mana kirki. Gero ya fi mutum tsayi tun ba a ankara ba, dawa ta yi duhu, duk wanda ka gamu da shi a tashar Gwarzo fuskarsa a sake take. Mu ma a shagon hoto shekarar ta zo mana da sauƙi, don a lokacin ne maigidanmu Malam Sani ya sayo sabuwar kwamfuta daga Kano, ya ce in zauna a gabanta in koyi gyaran hoto. Na yi ayyuka da yawa a kanta, amma akwai guda ɗaya da har gobe ba zai fita raina ba. Shi nake so in ba ku labari, ku 'yan matan da kuka shigo sana'ar nan a bayana.

Bari in fara da tsarin shagon, saboda wanda bai san aikin ba. Malam Sani shi ne mai shago, shi ke karɓar aiki, shi ke cewa a buga ko kar a buga. Ƙananan hotuna a nan muke buga su. Manya irin na firam da kalanda kuwa sai an tura Kano. Ni da shara na fara, da gyara wa mata zaman mayafi kafin a ɗauke su. Da Malam ya lura magidanta sun fi sakin jiki in mace ce za ta ɗauki iyalinsu, sai ya miƙa mini kyamara. Daga kyamara na hau kujerar gyara. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, ina da 'ya'ya uku na fara shi, saboda haka Turancin da ke jikin manhajar ba duka nake ganewa ba. Da alama nake gane maɓallan, yadda ake gane gidan mutum da bishiyar ƙofarsa. Kuma shagon yana da doka ɗaya da ba a karya ta: ba a tura hoto bugu sai mai shi ya gani ya ce ya yi.

Wata safiya Malama Binta ta shigo, mai koyar da ajin manyan mata a Masanawa, can ƙasar Kabo. Ɗalibanta za su yi bikin kammala karatu, tana son babban hoto na dukkansu da za a rataya a aji, da kalanda da za a raba gida-gida, a rubuta watan da aka yi bikin a ƙasa. Na ji daɗin aikin tun kafin ta rufe baki, don a wannan ajin na koyi rubuta sunana kafin mu taso mu dawo Gwarzo.

Na ce, "Malama, Inna Hansatu fa? Na ji bana da ita ake yi."

Ta ce, "Ai abin da ke damuna ke nan, Rabi. Inna takaba take yi."

Inna Hansatu ita ce ta ba da zauren gidansu aka fara ajin, shekaru da dama baya. Ita ta bi gida-gida tana lallashin maza su bar matansu. Ita ta zo har ɗakina ta ce, "Tashi, 'yar nan, wankin ba zai gudu ba." Kowa ta tura ajin, ita ba ta zauna ba, kullum sai ta ce sai yara sun gama. Sai a wannan zangon ta ɗauki alli. Ana saura kaɗan a kammala, mijinta Malam Yahuza ya rasu. Kun san mai takaba: wata huɗu da kwana goma ba fita sai da lalura, ba lalle, ba kwalli, ba turare.

Ranar ɗaukar hoto na tafi Masanawa da sassafe, mai babur yana kauce wa taɓo. An yi ruwa da asuba, gari ya lumshe, irin hasken da mai hoto ke so. Matan suka jeru a filin makaranta, kowacce ta ci ado. A cikinsu akwai Gwaggo Laure, mai sayar da fura da nono, aminiyar Inna tun suna amare, bakinta ba ya hutawa. Ina cikin jera su sai na ga ta buɗe hannu ta ture ta kusa da ita.

"Matsa can, Talatu, nan wurin Hansatu ne."

Na ce, "Gwaggo, ai gurbi zai fito a hoton."

"To ya fito mana! Ba an ce kin koyi injin da ke ɗauko mutum daga Makka ya ajiye shi a Kabo ba? Ki ɗauko mana ita. Ko kuwa cika baki ne irin na mutanen Gwarzo?"

Aka yi dariya. Na ɗauki hoton da gurbin a tsakiya, faɗin mutum ɗaya. Kafin in tafi Malama Binta ta turo mini wani tsohon hoton Inna daga wayarta, na wani suna da aka yi bara. Tana sanye da leshi ruwan zuma, da 'yan kunne, hannu ya sha lalle, tana dariya har haƙoran gefe.

Da na dawo shago na fara gwaji. Manhajar gyaran hoto da shimfiɗa take aiki, kamar ki ɗora tabarma a kan tabarma, kina iya janye ta sama ba ki taɓa ta ƙasa ba. Na sa hoton taro a ƙasa, na yanko Inna daga nata na ɗora a sama. Yankan farko kamar da almakashi mara kaifi na yi shi, bakin mayafinta duk ya cinye. Na sake, na bi gefen a hankali, na tausasa shi. Da na ajiye ta a gurbin sai ta fito rawaya a cikin mutane, don nata hoton a ɗaki aka ɗauka ƙarƙashin ƙwan lantarki, su kuwa a fili suke ƙarƙashin hadari. Na yi ta rage ɗumin launi har fatarta ta zo daidai da ta Gwaggo Laure.

Malam Sani ya leƙo ta bayana ya ce, "Maman Sadiya, kin yi ƙoƙari, amma tsohuwar nan tashi sama take yi. Ina inuwarta?"

Na duba, gaskiyarsa. Kowa ƙafarsa a ƙasa, ita kaɗai kamar an rataye ta.

Ya ce, "Inuwa ke tona asirin mai haɗa hoto. Ki duba inda ta sauran ta faɗi, ki bi."

Kwanaki na yi ina wannan aiki, tsakanin masu zuwa ɗaukar hoton fasfo da ɗaukewar wuta. Na yi mata inuwa. Na ɗan duhunta bakin zaninta kamar ya taɓi jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ɗago hannun Gwaggo Laure a wata shimfiɗar daban na ɗora shi a kafaɗarta. Ranar da na gama, na kira Malam na rufe tsohon hoton na ce ya nuna mini wadda aka ƙara. Ya san amsar, amma ya daɗe yana neman inda dabarar ta ɓuya bai samu ba. Ya ce, "Wallahi ko ni iyakar abin da zan yi ke nan." Na koma gida ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Malama Binta ma da na tura mata, kira ta yi tana ta sa albarka, ta ce a tura Kano.

Sai dai dokar shago ta ce mai hoto ya gani, ni kuma a wurina mai hoton nan Inna ce. Ban da haka, ina ɗokin in ga farin cikinta. Na sa hoton a waya na kama hanya.

Na same ta a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, da farin mayafi da ya sha wanki, da carbi a hannu. Gwaggo Laure na gefe tana dama mata fura. Na durƙusa.

"Inna, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Rabi. Ya yaran? Ya maigidan naki? Kin sha hanya cikin taɓon nan."

"Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta."

"Amin, amin. Allah ya ba da lada."

Da muka gama gaisawa na miƙa mata wayar. Gwaggo Laure ce ta fara leƙawa, ta saki ludayi ta tafa hannu. "La ilaha illallahu! Ga ki nan, Hansatu! Har da hannuna a kafaɗarki, ni da ban taɓa ki ba!"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta kai wayar kusa da ido, ta janye, ta sake kaiwa. Can ta ce a hankali, "Rabi, yaushe na fita?"

Na ce, "Ba ki fita ba, Inna. Haɗawa na yi."

"Ni na sani. Ke kin sani. Laure ta sani. Wanda zai ga kalandar nan a bangon zaurensa fa?" Ta sa yatsa a kan hannunta na cikin hoton. "Ga lalle. Ga 'yan kunne. Ga baki har kunne. A ƙasa kuma kun ce za a rubuta wata. Malam bai daɗe da kwanciya ba, kowa a garin nan ya san watan da ya rasu."

Sai a lokacin na gane. Gidan su Malam Yahuza gidan malamai ne. Ƙaninsa Malam Ɗahiru yana da makarantar allo a ƙofar gida, kullum zaurensa cike da mutane, kuma kalandar nan har can za ta je. Duk kwanakin da na yi ina toshe kowace kafa don kar a gane haɗi ne, ashe shaida nake ginawa a kan baiwar Allah cewa ta yi kwalliya ta fita taro cikin takabar mijinta. Da aikin ya fi haka muni, da ya fi mata sauƙi.

Ta miƙo mini wayar. "Kin iya aiki, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka. Amma cire ni. Ina da 'ya'ya mata a gidajen mutane, kar a goranta musu."

Ta faɗa ne ba ɗaci, amma na ga idonta ya bi wayar har na sa ta a jaka. Mace ta tura gari guda makaranta, ranar tata ta zo kuma a ce ba ta cikin hoto.

Na ce, "To Inna, in na sa ki daban fa? A ɗan kewaye a sama, ta gefe, yadda kowa zai san ba a wurin kike ba?"

Gwaggo Laure ta zabura. "Kewaye a sama? Ke Rabi, kanki ɗaya? Wa kika taɓa gani a kewaye a saman kalanda in ba mamaci ba? Da farko kin fitar da ita yawo, yanzu kuma za ki kashe mana ita?"

Inna ta yi dariyar da ta ce rabonta da ita tun rasuwar. Ni ma na yi, amma na fito daga gidan ban samo mafita ba.

A shago na gaya wa Malam Sani yadda aka yi. Ya dafe kai ya ce, "Ni ma ban kawo wannan ba. Alhamdu lillahi da ba a buga ba." Ya ce in rufe gurbin kawai, in matso da matan, aiki ne mai sauƙi. Na ce to. Na zauna zan fara, idona ya faɗa kan takardar fasfo da firinta ta fitar, fuskoki a jere, kowa a ɗan gidansa. Na daɗe ina kallonta.

Na ce, "Malam, in Inna ba za ta fito wurin mata ba, me zai hana kowa ta koma gida?"

"Kamar yaya?"

"In ɗauki kowacce a tsakar gidanta, ita kaɗai, riƙe da allon da ta rubuta sunanta da hannunta. In jera su kamar fasfon nan. Ba wadda ta fita, ba wadda aka ƙara, ba wadda ke sama."

Ya ce, "Kin san sabon aiki ne ɗungurungum, ga lokacin turawa Kano ya matso."

"Na sani."

Ya dube ni, ya ɗauko batirin kyamara na ajiya ya ajiye a gabana. "Ki gwada. In bai yi ba, mu rufe gurbin."

Malama Binta ta ɗan ja da baya da farko, don ta riga ta ƙwallafa rai a hoton taro, amma ta yarda. Inna kuwa cewa ta yi sai an tambayi Malam Ɗahiru. Ta aika aka kira shi, ya tsaya daga bakin ƙofa, na yi masa bayani daga inda nake durƙushe. Ya ja gemu, sannan ya ce shi abin da ya sani an hana ta ado da fita, in a cikin gidanta ne, a yadda take, kuma ita ta so, bai ga abin hanawa ba. Ya ƙara da cewa, "Yaya da yana raye da shi zai fara rataya shi. Kullum sai ya yi mana labarin karatun nan nata."

Inna ta sunkuyar da kai.

Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ina tsallake kwata da kaji. Kowace mace na zaunar da ita inda haske ke zuwa daga hagu, don su zo daidai in an jera. Na bar abin gidanta ya fito a bayanta: wata rumbu, wata turmi, Gwaggo Laure jeren ƙoren nononta. Ta sa sabuwar atamfa mai ja da kore, ta zuba duk tsakiyar da ta mallaka, har sai da na ce, "Gwaggo, allon fa za a gani, ba wuya ba." Ta ce in yi aikina in bar ta da nata.

Inna ce ta ƙarshe. Ta zauna a tabarmarta, da farin mayafin nan, ƙofar ɗakinta a baya. Ta karɓi alli ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi, harshe a tsakanin haƙora. Harafin ƙarshe ya ɗan gangara ƙasa. Na ce ko a goge a sake, ko in miƙe shi a kwamfuta. Ta ce, "Bar shi. Haka na iya."

Da na jera su a kwamfuta sai wata matsalar ta fito. Ko'ina ja da kore da ruwan gwal, ita kaɗai fara fat a tsakiya. Ido na sauka a kanta sai tausayi ya zo, ni kuma ba tausayi nake nema mata ba. Na gwada rage launin sauran, suka zama kamar tufafin da suka koɗe. Na mayar da duka baƙi da fari, sai hoton ya yi sanyi kamar na jaridar ta'aziyya. Na yi ta juyawa, har na ɗora wata shimfiɗa mai launin ƙasa a kan baƙi da farin, irin launin sabuwar tukunya, na rage ƙarfinta kaɗan-kaɗan. Nan take fuskokin suka yi ɗumi. Leshi da atamfa da farin mayafi duk suka zama dangi. Abin da ya rage yana haske shi ne idanu da farin allin da ke kan alluna.

Wannan karon ma na kai an gani kafin bugu. Gwaggo Laure ta kwarma ihu. "Atamfata! Sabuwa dal, kin mayar mini da ita ruwan kunun kanwa! Allah ya isa tsakanina da injin nan!" Tana cikin faɗa idonta ya kai kan wadda ke kusa da ita a jerin, don a gefenta na sa Inna. Ta goge ido da bakin zani ta ce, "To, ba laifi. Amma ki sani na fi haka kyau."

Inna ta duba ta ce, "Wannan ni ce. A gidana nake. A buga."

Ranar biki Inna ba ta je ba, tana ɗakinta. Aka rataya babban hoton a aji, mata suka yi cincirindo kowacce na neman kanta, yara na karanta sunayen iyayensu da ƙarfi. Malam Ɗahiru ya aiko a ba shi kalanda biyu, ɗaya ta zaure, ɗaya ta cikin gida. Da aka watse na ɗauki ta Inna na kai mata da kaina. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta bi allunan da yatsa tana karanta sunan kowa, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har ta zo kan nata. Ta daɗe a nan.

Da zan tafi ta ce, "Rabi, ranar da na fita takaba ki zo da kyamararki. A tara matan nan a filin makaranta. Wannan karon da ƙafata zan tsaya, kuma Laure ta sa atamfarta mu huta da mita."

Abin da nake so ku riƙe, 'yan mata, shi ne wannan. Za ku iya injin nan fiye da ni, hannunku ya fi nawa sauri, kuna jin Turancinsa. Zai ba ku ikon ku ajiye mutum inda bai je ba, ku sa masa abin da bai sa ba, ba wanda zai gane. Amma hoto ba a kwamfuta yake kwana ba. Bango yake hawa, a gidan surukai da zauren malamai, inda ba kwa nan balle ku yi bayani. Kafin ku tambayi kanku ko haɗin ya zauna, ku tambaya wa zai gani, me kuma zai ce game da wanda ke ciki. Mai hoton ya fi ku sanin garinsu. Ku kai masa ya gani, ko da taɓo ya kai gwiwa.

Washegarin bikin na riga kowa zuwa shago. Na yi shara, na kunna kwamfuta, na buɗo haɗin nan na farko da na sha wahalarsa. Na kalle shi sosai, don har ga Allah ya yi kyau, sannan na goge shi, na goge na wayata, na kira Malama Binta ta goge nata ina ji. Hoton taron na asali kuwa, mai gurbi a tsakiya da hannun Gwaggo Laure a buɗe, shi ban taɓa shi ba. Na adana shi yadda yake, don in mun koma filin makaranta in san inda kowa za ta tsaya.